Kowa Ya Sauko?

Litinin, ƙarfe goma na safe

Sun ɗauke ni daga tebur. Manaja ya ce ba dakatarwa ba ce, ƙa'ida ce kawai: duk wanda aka yi haɗari yana kan aiki sai ya bar ɗakin sarrafa wuta, ya koma ɗakin horo, ya ci jarrabawa kafin ya sake taɓa makunni. Ya yi ta yi mini bayani kamar ba da ni aka rubuta ƙa'idar ba. Shekara goma sha tara ina kan kujerar nan, ina ba gari wuta ina ɗaukewa, har maza suka gaji da mamaki suka koma kirana Uwar Ɗaki. Yau an ba ni kujerar roba a ɗakin sababbin ɗauka.

An kafa kwamiti zai rubuta rahoto kan abin da ya faru ranar Talatar da ta wuce a layi na bakwai, ya faɗi mai laifi. Mako uku aka ba su. Ni ma mako uku aka ba ni.

Kadangare, ma'aikacin da wutar ta kama, yana asibiti. Masu hawa ne suka sa masa sunan, don ba wanda ya kai shi iya hawa falwaya. An ce ya farfaɗo.

Baban yara ne ya ba ni littafin nan, ragowar na makarantarsu. Ya ce tunda na ƙi magana a gida, in riƙa faɗa wa takarda.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Gwani ne malamina yanzu. Na'ura ce mai ƙwaƙwalwa da aka kawo mana wata takwas da suka wuce, Tsoho, wanda ya fi kowa daɗewa a ɗakinmu, ya sa mata suna don zolaya, sunan ya bi ta, har muka koma ce mata shi. An ɗura masa duk maganar da aka naɗa a wayar tebur ta shekara goma sha ɗaya, da duk littattafan aikinmu. A ɗakin sarrafawa shi ke jera maka matakai a allo, ya nuna kore idan hanya ta buɗe, kai dai ka duba ka danna. A ɗakin horo kuwa shi ne komai. Shi ne hadari, shi ne tiransifomar da ta kama da wuta, shi ne ma'aikacin layi da ke kiranka a waya, kuma shi ne mai ba da maki.

Abin haushi, da bakinmu yake magana. Ya ɗauki “to madalla” ɗin Tsoho. Da na kira tashar ƙarya, sai murya ta ce, “Ina jinka, faɗi a hankali.” Wannan kalamina ne, ni nake faɗa wa masu rawar baki. Ɓarawo ya sace mini magana yana mayar mini da ita.

Ya jefo mini iska ta kayar da layi biyu, na gyara. Ya jefo mini injin samar da wuta ya mutu ana tsakiyar zafi, na raba nauyi ba tare da asibiti ya ji ba. Maki casa'in da huɗu.

Laraba, ƙarfe bakwai na yamma

Ban je asibiti ba. Zan je gobe.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Yau Gwani ya kawo aikin gyaran layi. An kashe wuta, masu hawa sun gama, shugabansu ya kira ya ce ya mayar da takardar izini, wato aiki ya ƙare, a mayar da wuta. Allo ya yi kore. Ya canza lambar layin, ya canza murya, amma ni ba yarinya ba ce, na gane ranar da ya kwaikwaya.

Na zauna hannuna a kan cinya. Da na danna, ya rubuta a ƙasa: jinkiri marar dalili, minti huɗu. Maki hamsin da takwas. Ana son tamanin.

Dakta, mutumin da kamfanin Gwani ya ajiye mana yana kula da shi, ya ce kada in damu, hannu ne ya yi sanyi, zai dawo. Mutumin kirki ne, kullum da biro uku a aljihu, babu mai rubutu a cikinsu.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Injiniya ya zo gida. Ƙanin Baban yara ne. Ba injiniya ba ne, shugaban masu hawa ne, amma tun ranar da ya fara sa hular kwano dangi suka naɗa masa sarautar, shi kuma bai taɓa musu ba. Rukuninsa ne ke aiki a layi na bakwai ranar Talata.

Da a da ne, daga ƙofa zai wuce kicin, ya buɗe tukunya, ya ce, “Matar yaya, me aka dafa wa ƙaramin miji?” ni kuma in bi shi da ludayi. Yau sallama ya yi har sau biyu ya zauna a bakin kujera. Ya rame.

Ya ce, “Na je gaban kwamiti, matar yaya.”

Na ce, “Me ka ce musu?”

“Na ce na mayar da takarda kowa yana ƙasa. Kadangare ne ya koma sama ban sani ba.”

“Haka ka ce musu?”

“Haka aka yi.”

Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Baban yara ya ce a kawo shayi. Na kawo, na manta sukari, ba wanda ya tambaya.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Na wanke labule. Ban je asibiti ba.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Na haɗu da Tsoho a wurin cin abinci. Saura masa wata biyu ya yi ritaya, shi ya koya mini aiki tun muna manna takarda a bango muna matsar da maɓallai da hannu. Ya ja kujera kusa, ya rage murya.

“Nawa ya ba ki?”

“Sittin da ɗaya.”

“A wurin mayar da takarda kike tsayawa ko?”

Na ce eh. Ya gyaɗa kai yana juya cokali. Ya ce, “Shegen ya cinye mana minti ashirin ɗinmu.”

Bari in rubuta abin da yake nufi, tunda takarda ba ta kai ƙara. A ƙa'ida shugaban masu hawa ba ya mayar da takardar izini sai an cire wayoyin kariya, an sauke kaya, kowa ya taka ƙasa. A aikace ba haka ake yi ba, kuma ba yau aka fara ba. Da an cire wayoyin kariya sai ya kira ya ce ya mayar, alhali akwai mutum ɗaya ko biyu a sama suna ƙarasa ɗaure ƙusa suna zuro da kaya. Dalili shi ne ya san ɗakinmu. Kafin mu buɗe littafi, mu duba zane, mu kira tashar can mu kira ta nan, mu rubuta, minti ashirin sun wuce. A cikin minti ashirin ɗin nan kowa ya sauko har ya sha ruwa. Gari ya samu wuta da wuri, su ma sun koma gida da wuri, ana ta yabon kowa.

Mu ma a ɗaki muna da namu. Kafin mu danna na ƙarshe sai mu ɗauki wayar hannu, ba ta tebur ba, mu kira shugaban mu ce, “Kowa ya sauko?” Idan ya ce saura ɗaya, mu jira. Ba a yin tambayar a wayar tebur don ana naɗa, in ka yi ta a nan ka tona wa mutum asiri. Tsoho ne ya koya mini, shi ma wani ya koya masa. Ba ta cikin littafi ko ɗaya, ba ta cikin faifai ko ɗaya.

Gwani kuwa littafi da faifai ya karanta. Abin da muke yi a minti ashirin, yana jera shi a minti ɗaya da rabi.

Tsoho ya ce, “Ki danne zuciyarki ki ci jarrabawar nan. Ki koma kujerarki. In ba ke a ɗakin, wa ya rage?”

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Dakta ya tare ni da wata doguwar takarda. Ya ce akwai abin da ya daɗe yana damunsa. A tsofaffin bayananmu, duk lokacin da aka mayar da takarda, kafin danna makunni na ƙarshe akwai shiru na minti biyu zuwa uku. Babu kira, babu rubutu. Kowane ma'aikaci yana da shirun nan, shekara goma sha ɗaya ba fashi. Gwani ya ɗauke shi ɓata lokaci ne, shi ya sa yake yanke maki.

“Me kuke yi a lokacin, Uwar Ɗaki?”

“Me sauran suka ce maka?”

“Tsoho ya ce shayi yake kurɓa. Mutum uku sun ce addu'a. Ɗaya ya ce ƙafarsa ke ƙaiƙayi.”

Na ce, “Ni ma shayin ne.”

Ya ce, “Abin da ba ku faɗa masa ba, ba zai sani ba. Kuma shi ke horar da sababbin nan huɗu.” Na ce na ji. Ya naɗe takardarsa ya tafi yana neman biron da ke rubutu.

Laraba, ƙarfe takwas na safe

Sittin da shida jiya. Kaina na ciwo.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Na je asibiti.

Lemo na kai masa. Sai da na ajiye ledar a gefen gado na tuna ɓare lemo hannu biyu yake so. Matarsa ta ɗauka ta ce an gode, ta sa a ƙarƙashin gado. Ita ke riƙe masa kofi.

Yana magana sarai, har da barkwanci. Ya ce, “Uwar Ɗaki, sai dai a sake mini suna, kadangaren ya koma kunkuru.” Ya tambayi Tsoho, ya tambayi ko an gyara fankar ɗakinmu. Abu ɗaya ne ya ɓace masa, ranar kanta. Likita ya ce hakan na faruwa. Ya tuna ya sha shayi da safe, ya tuna sun shiga mota, daga nan sai farin rufin asibiti.

Ya ce, “Wai an ce na sauko, sannan na koma. Shekara goma sha huɗu ina hawa, ban taɓa komawa sama bayan an mayar da takarda ba. Me na koma ɗauka? Na tambayi Injiniya ya ce bai gani ba. An ƙirga kayan aikina duk suna nan. To me na manta?”

Matarsa ta ce, “Ka bar tunanin nan, likita ya hana.”

Ya ce, “Ina so in sani ne kawai. Mutum ya yi wauta, ai gara ya san a kan me ya yi ta.”

Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Na fito na tsaya a wurin ajiye motoci ina neman tawa, sai daga baya na tuna a motar haya na zo.

Juma'a, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Kwamiti ya kira ni. Mutum biyar, tebur mai farin ƙyalle, robar ruwa a gaban kowa. Tambaya huɗu suka yi.

An mayar da takardar izini? Eh.

A wayar tebur, an naɗa? Eh.

Gwani ya nuna kore? Eh.

Kin bi matakai yadda ya jera? Eh.

Shugabar kwamitin ta ce ko akwai abin da zan ƙara. Na ce babu. Ta ce sun saurari faifan, aikina tsaf yake, har ta yaba da natsuwar muryata. Minti bakwai na yi a ciki. Ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Baban yara yana duba takardun ɗalibansa a tsakar gida, ni ina tsince shinkafa. Ba tare da ya ɗago ba ya ce, “Inna ta kira. Ta ce hawan jininta ya tashi tun da aka fara maganar nan.” Inna a gidan Injiniya take zaune, shi ne ɗan lelenta.

Na ce Allah ya ba ta lafiya.

Ya ce, “Ban san aikinku ba, kuma ba na son in sani. Ƙanina ne, 'ya'yansa biyar. Ban ce ki yi ƙarya ba.”

“To me ka ce?”

“Na ce abin da ba a tambaye ki ba, ba a tambaye ki ba.”

Na ce shi ma Kadangare 'ya'yansa uku. Ya ce ya sani. Ya ci gaba da jan biro, na ga ya yi minti goma a kan shafi ɗaya. Mutumin nan shekara ashirin da shida ban taɓa jin ya roƙe ni wani abu ba, ko ruwa da kansa yake ɗiba. Na ji tausayinsa, kuma na ji haushinsa.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Na samo dabara. Da allo ya yi kore sai in ƙi kallon waya, in kalli agogo, in danna. Saba'in da tara.

Talata, ƙarfe bakwai na yamma

Mako uku cif yau. Zan rubuta sau ɗaya in huta.

An kashe layi na bakwai tun ƙarfe takwas na safe. Injin tura ruwa na gari a kansa yake, mutane sun fara kira suna zagi. Ƙarfe ɗaya da kwata Manaja ya shigo da baƙi, manya daga babban ofis, sun zo ganin Gwani. Mutum tara suka tsaya a bayana. A daidai lokacin Injiniya ya kira a wayar tebur ya ce ya mayar da takarda. Na maimaita, ya tabbatar. Allo ya jera matakai, ya yi kore.

Manaja ya ce wa baƙin, “Yanzu ku ga sauri. Da, wannan aikin rabin awa ne.”

Wayar hannuna tana cikin akwatin ƙarfe a bakin ƙofa. Tun zuwan Gwani aka hana shiga da ita, saboda tsaro. Mukan saci jiki mu fita mu kira, amma ba da mutum tara a bayanka ba. Wayar tebur tana nan kusa da hannuna na hagu. Na taɓa ta. Na san in na ɗaga na yi tambayar, kuma ya ce saura ɗaya, to a gaban manya ne, a cikin faifai, kuma ƙanin mijina ne. Na ce a raina ai Injiniya ya san an kawo Gwani, ya san mun yi sauri, ba zai yi ganganci ba. Ban taɓa faɗa masa yawan saurin ba. Ba na jin akwai wanda ya taɓa faɗa wa masu hawa.

Na ɗauke hannuna daga kan wayar na danna. Baƙi suka tafa. Layin ya ɗauki wuta daƙiƙa biyu ya faɗi da kansa, Gwani ya rubuta cewa wani abu ya taɓa waya.

Shi ke nan. Na dafa taliya, ba wanda ya ci da yawa.

Alhamis, ƙarfe goma sha biyu na rana

Jarrabawa. Casa'in da bakwai. Dakta ya ce ba wanda ya taɓa kai haka. Gwani ya rubuta “to madalla.”

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Rahoto ya fito. Ɗakin sarrafawa ba shi da laifi, shugaban masu hawa ba shi da laifi, Gwani ya yi aikinsa daidai. Ma'aikaci ne ya koma kan falwaya ba izini. An ba da shawarar a sallame shi daga aiki idan ya fito daga asibiti, a kuma liƙa gargaɗi a duk tashoshi. Na ga gargaɗin a bakin ƙofa, da jan rubutu: kada kowa ya koma sama bayan an mayar da takarda.

Injiniya ya aiko da kaji biyu. Baban yara ya ce a yanka, na ce a bar su su yi ƙiba.

Litinin zan koma tebur.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Kujerata tana nan, wani ya rage mata tsawo, na gyara. Ba a gyara fankar ba. Biyu daga cikin sababbin suna teburin gefe. Hannunsu da sauri, sun san zane fiye da yadda na sani a shekarunsu, ba sa tsoron allo. Na ga ɗaya ta karɓi takarda ta mayar da wuta kafin in gama buɗe robar ruwa. Lafiya lau aka tashi.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Layi na goma sha biyu, canjin kwalaben falwaya. Rukunin Mai Gemu ne, tsohon hannu, mun fi shekara goma muna aiki tare. Ƙarfe ɗaya saura ya kira ya mayar da takarda. Na maimaita, ya tabbatar, ya ajiye. Kore.

Na kalli agogo kamar yadda na koya wa kaina. Sai na ga hannuna ya ɗaga wayar tebur.

“Mai Gemu, kowa ya sauko?”

Ina jin iska a wayarsa.

“Uwar Ɗaki, wannan wayar fa ana naɗa.”

“Na sani. Kowa ya sauko?”

“Saura biyu. Yanzu za su sauko.”

Na ce ya kira ni idan ƙafar na ƙarshe ta taɓa ƙasa. Gwani ya fara ƙirga jinkiri a gefen allo. Sababbin sun juyo suna kallona, ɗaya ya ce ko allona ya maƙale ne. Minti goma sha ɗaya aka yi.

Da ya kira na ce, “Bayan abin da ya faru, har yanzu kuna yi?”

Ya ce, “Ai shi Kadangare komawa ya yi, rahoto ya faɗa. Mu namu ba sa komawa.”

Na mayar da wuta. Na nemi takarda da biro a wurin Dakta, ya ba ni uku in gwada.

Alhamis, ƙarfe bakwai na yamma

Shafi huɗu na rubuta. Minti ashirin, wayar hannu, tambayar, baƙi, hannuna a kan wayar tebur. Na sa sunana a farko don kada a ce na ɓuya a bayan wani.

Kafin in miƙa na biya gidan Injiniya, don ba na son ya ji a bakin wani. Na same shi yana gyara keken ɗansa. Na ba shi ya karanta. Ya karanta a tsaye, hannunsa duk baƙin mai, ya ɓata mini gefen shafi na biyu.

“Matar yaya, kin san abin da wannan zai ja mini?”

“Na sani. Ni ma zai ja mini.”

“An riga an rufe magana. Hannun Kadangare ba zai dawo ba.”

“Jiya mutum biyu na sama lokacin da allona ya yi kore.”

Ya zauna a kan bokiti. Ya ce shi kullum yana ganinsa, ko ya rufe ido ko ya buɗe, yana ɗaga masa hannu daga sama yana cewa saura ƙusa ɗaya. Ya ce ya ɗauka yana da minti ashirin. Na ce na sani, laifin rashin faɗa masa namu ne. Na ce in ya ga dama gobe mu shiga wurin Manaja tare, ya faɗa da bakinsa, ya fi a kira shi. Ya miƙo mini takardun.

Inna ta leƙo ta taga ta ce in shigo in sha ruwa. Na ce sauri nake yi.

Baban yara bai ci abinci ba. Ya ɗauki tabarma ya koma ɗakin baƙi.

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

Injiniya bai zo ba. Na jira shi rabin awa a bakin ofis, na shiga ni kaɗai.

Manaja ya karanta sau biyu, ya ce da na zo masa tun farko. Na ce da. Ya karɓi katin shigata ya sa a aljihun tebur. Wannan karon dakatarwa ce, bai ɓoye sunanta ba. Za a sake buɗe rahoto, an janye takardar sallamar Kadangare har sai an gama. An aika wa Injiniya da Mai Gemu su zo ranar Litinin. Tsoho ya ce a ƙara da sunansa, shi ya koya mini.

Dakta ya bi ni har bakin ƙofa. Ya ce yau ɗin nan zai sa mataki sabo, allo ba zai yi kore ba sai an ƙirga mutane ɗaya bayan ɗaya a wayar tebur. Ya ce, “Ashe shayin ke nan.” Na ce shi ne.

Ban san ko zan sake zama a kujerar nan ba. Ina jin ba zan sake ba.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Na koma asibiti. An zaunar da shi a bakin taga, yana koyon sa maɓallin riga da hagu, matarsa na zaune ta harɗe hannu don ya hana ta taimaka.

Ya ce, “Uwar Ɗaki, ina tunanin ko hulata ce. Wataƙila hular na bari a sama.”

Na ja kujera na zauna a gabansa. Na ce, “Ba ka manta komai ba. Ba ka koma ba. Ba ka riga ka sauko ba aka mayar da takarda, ni kuma na ba da wuta ban tambaya ba.”

Matarsa ta miƙe tsaye. Shi bai motsa ba, yatsunsa na kan maɓallin. Na faɗa masa sauran, tun daga baƙi har zuwa katin da aka karɓa. Ban nemi gafara ba tukuna, na ga ba ranarta ba ce.

Ya kalli waje. Sannan ya ce, “Ke nan ban yi wauta ba.”

Na ce, “Ba ka yi ba.”

Ya juya wurin matarsa ya ce, “Kin ji ko? Ki kira yaran ki faɗa musu.”

Ita ba ta dube shi ba, ni take kallo. Ta buɗe ƙofa ta riƙe, na tashi na fita.